Koyon Japananci a Tsukuba: abin da na rubuta daga Oktoba zuwa Disamba

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yau wata guda ke nan da saukarmu Tsukuba a ƙasar Japan, ni da 'yata mai shekara huɗu. Abbanta ya riga mu zuwa da shekara ɗaya, karatun digiri na uku yake yi, kuma tun da muka sauka shi ne bakina, shi ne kunnena. Ko mai kawo saƙo ne ya danna ƙararrawa, sai in tsaya a bayan ƙofa in kira shi a waya. A ɗakin bincikensu da Turanci suke aiki, don haka shi ma Japanancin nasa na cefane ne, amma ya fi babu.

Makon jiya yarinyar ta fara zuwa youchien, makarantar yara 'yan shekara uku zuwa biyar. A jakarta akwai wani ɗan littafi da ake kira renrakuchou. Malama ta rubuta wa uwa, uwa ta rubuta wa malama: ta ci abinci ko ba ta ci ba, ta yi tari cikin dare, wane ne zai zo ɗaukarta. Ɓangaren malama cike yake da rubutu, nawa fari fat. Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗaukar wa kaina alkawari, in Allah ya yarda, kafin hutun ƙarshen shekara zan rubuta a littafin nan da hannuna, ba tare da waya ta fassara mini ba.

Na sayi littafin rubutu mai gida-gida da fensir da 'yan katin hadda a shagon da komai yen 100 ne. Da haraji kowanne ya kama 110, duka yen 330. Littafin karatu kuwa Irodori zan bi, na hukumar Japan Foundation, kyauta ake sauke shi a intanet.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Hiragana, rubutun da ake fara koyo a Japananci. Haruffa 46 ne, kuma in ban da wasulan biyar da wani n mai zaman kansa, kowane harafi gaɓa ce sukutum: ka, ki, ku, ke, ko. Wasulan nasu irin namu ne, a, i, u, e, o, ba sa sauya murya kamar na Turanci. Ina ɗaukar harafi goma a rana, bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Masu ba ni wahala su ne ね da れ da わ, sai ぬ da め. Wutsiya kaɗai ke raba su.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ajin farko. 'Yan sa-kai ne ke koyarwa a wata cibiyar unguwa, yawancinsu tsofaffi da suka yi ritaya, ana biyan yen 100 kowane zama. Wadda aka haɗa ni da ita dattijuwa ce mai furfura, siririya, ba ta jin Turanci ko kaɗan, kuma na ga alherin hakan, don ba ni da wajen gudu.

Gaisuwa muka yi, kuma a nan ne na fara jin harshen nan ba baƙo ba ne kamar yadda na zata. Na san ohayou gozaimasu da konnichiwa da konbanwa tun kafin in zo. Abin da ban sani ba shi ne suna da gaisuwa ta kowane motsi, kamar mu. Mai fita ya ce ittekimasu, wato sai na dawo, na gida ya ce itterasshai, a dawo lafiya. Mai dawowa ya ce tadaima, a amsa masa da okaerinasai, sannu da dawowa. Abokan aiki kuwa otsukaresama desu suke ce wa juna, kuma duk wanda ya tashi da "sannu da aiki" a bakinsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Akwai wata Baturiya a teburin kusa da mu tana ta neman a fassara mata ita, an rasa kalmar da za a ba ta. Ni kuwa rubuta Hausarta kawai na yi a gefe na wuce.

Sumimasen ma na riƙe ta. Da ita ake neman hanya, da ita ake ba da haƙuri, da ita ake kiran mai shago, har godiya ana yi da ita idan mutum ya wahala dominka. Kuma u ɗin ƙarshen desu da masu kusan haɗiye shi suke yi, sai ka ji des, mas.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na gama hiragana, ina karantawa amma a hankali, kamar mai haɗa baƙi. Yarinyar ta fara cewa itadakimasu kafin cin abinci, haka ake yi a makarantarsu. Mun shirya da ita Bismillah ce farko.

Talata, 29 ga Oktoba

Kunnen Bahaushe jari ne a nan, kuma ban san ina da shi ba sai yanzu. Obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kaka. Ojisan kawu ko baffa, ojiisan kaka namiji. Tsayin wasali kaɗai ya raba su, kamar garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuwo da shi. Suna da shadda kuma, kamar yadda baba ya bambanta da babba. Har karin sauti akwai: ame idan aka fara da sama aka sauko ruwan sama ne, idan aka fara da ƙasa aka hau alewa ce, a karin Tokyo. Sensei, haka ake kiran malami ko malama, ta maimaita mini sau biyu kawai na kama.

Inda na makale shi ne tsu. Ina faɗinsa da ƙarfin maƙogwaro irin na tsuntsu da tsumma, nasu kuwa sassauƙa ne, t da s ne a manne, iska na fita salin-alin. Sunan garin da nake zaune ma da shi ya fara, ashe wata guda da rabi ba daidai nake faɗa ba. Fu ɗinsu kuma da leɓe biyu ake hura shi, haƙori ba ya taɓa leɓe, daidai da yadda muke faɗin fura a gida.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Yau raina ya ɓaci, kuma laifina ne.

Ranar Laraba da na je ɗaukar yarinyar, malamarsu ta tare ni a bakin ƙofa ta yi mini magana mai ɗan tsawo. Okaasan take kirana, wato mama, kamar yadda a gida ake cewa maman wance. Na tsinci kinyoubi, Juma'a, na tsinci kudasai a ƙarshe, sauran duk ya wuce ni. Maimakon in tsayar da ita, sai na yi ta gyaɗa kai ina hai, hai, don akwai iyaye a bayana suna jira, kuma ina jin nauyin in ɓata musu lokaci. Akwai takarda ma a jaka, na ajiye ta kan firij sai Abbanta ya dawo daga taron da ya tafi, alhali ba zai dawo ba sai Lahadi.

Ashe yau ne ranar imohori. Kwasar yara ake yi a kai su gona su haƙa dankalin Hausa da hannunsu, satsumaimo suke ce masa, kuma jihar nan ta Ibaraki ta yi suna wajen nomansa. Abin da malama ta ce mini shi ne a zo da takalmin roba mai tsawo, nagagutsu, da safar hannu ta aiki, gunte. Ni kuwa na tura 'yata da farin kambas ɗinta da hannu tsirara, ga shi an kwana biyu ana yayyafi. Da na je ɗaukarta, takalmin ya zama kalar ƙasa, safarta a jiƙe cikin leda, an ara mata gunte na manya da ya yi mata yawa. Tana rungume da dankalinta uku tana murna, amma a hanya ta ce mini, "Umma, kowa yana da dogon takalmi ban da ni." Ban iya ce mata komai ba.

Da dare na zauna da takardar da ƙamus ɗin waya, kalma-kalma, har ƙarfe goma sha ɗaya. Jimlar ita ce nagagutsu to gunte o motte kite kudasai. Yanzu na san motte kite kudasai na nufin a zo da abu. Ba zan manta ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai wa sensei takardar, na kwatanta mata abin da ya faru da hannu da 'yan kalmomin da nake da su. Ta ajiye darasin da ta shirya, ta rubuta mini jimla uku da manyan haruffa: mou ichido onegaishimasu, a maimaita mini, yukkuri onegaishimasu, a yi a hankali, kaite kudasai, a rubuta mini. Ta sa na faɗa sau ashirin ina kallon idonta. Ta kuma nuna mini cewa hai sau da yawa "ina jin ki" kawai yake nufi, amma idan aka ba ki umarni kika ce hai, to an ɗauka kin karɓa. Wakarimasen, ban gane ba, ita ya kamata in ce ranar Laraba.

Na sayi nagagutsu a hanyar dawowa, yen 1,500.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na shiga aikatau gadan-gadan, kuma tsarin nasu kishiyar namu ne. Mu a Hausa wakilin suna ne ke ɗaukar lokaci: na ci, zan ci, nakan ci, ban ci ba, shi "ci" ɗin yana nan zaune. Su kuwa ba ruwan aikatau da wanda ya yi aikin, ni ko ke ko su duk ɗaya ne, wutsiyarsa ce ke juyawa. Tabemasu, nakan ci ko zan ci. Tabemasen, ba na ci ko ba zan ci ba. Tabemashita, na ci. Tabemasen deshita, ban ci ba. Wutsiya huɗu ke nan, kuma kowane aikatau haka yake bi. Wannan ɓangaren ya fi sauƙi fiye da yadda na ji tsoro.

Wahalar tana wajen sauraro. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, korewa kuma a ƙarshen aikatau. Mu da an ce "ba" tun farko ka san inda aka dosa. A nan sai mutum ya gama zayyana wane, ina, yaushe, da me, sannan gaɓar ƙarshe ta gaya maka an yi ko ba a yi ba. Na lura ni da na tsinci kalma biyu da na sani a farkon magana sai hankalina ya tafi fassara su, ƙarshen ya wuce ban ji ba. Abin da nake horar da kaina a kai yanzu shi ne in riƙe numfashi har sai na ji wutsiyar, masu ce ko masen.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Aikatau rukuni uku ne. Na farko su ne waɗanda wasalin ƙarshe ke komawa i kafin wutsiyar masu: nomu, sha, ya zama nomimasu, kaku, rubuta, kakimasu, hanasu, yi magana, hanashimasu, matsu, jira, machimasu. Na biyu masu ƙarewa da iru ko eru, a cire ru a liƙa wutsiyar masu: taberu, miru, neru, okiru. Na uku biyu ne tak marasa bin doka, suru da kuru, yi da zo, su zama shimasu da kimasu.

Na ɗauka na gama da wannan, sai yau wata maƙwabciya ta gan ni da keke ta tambaye ni ina zuwa, na ce uchi ni kaemasu. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce kaerimasu ne. Kaeru na komawa gida kama ya yi da rukuni na biyu, amma ɗan rukuni na farko ne. Wanda na faɗa na wani kaeru ɗin ne daban, mai nufin canza abu. Na duba, akwai irinsa da dama: hairu shiga, hashiru gudu, shiru sani, kiru yanka. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne iru guda biyu, na kasancewa ya ba da imasu, na buƙata ya ba da irimasu. Na ware musu shafi na musamman da jan biro. Babu dabara, hadda ce.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Babu aji, ranar hutu ce a ƙasar. Na maimaita katuna.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na yi cefane ni kaɗai daga farko har ƙarshe, ba tare da na kira kowa ba. Tambayoyin mai karɓar kuɗi kusan kullum iri ɗaya ne: kina da katin maki, kina son leda, don tun Yulin 2020 ake sayar da ledar shago, sannan a konbini, ƙananan shagunan nan da ba sa rufewa, a ƙara da atatamemasu ka, a ɗumama miki? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce daijoubu desu, kuma ta daɗe tana ruɗa ni, don asalinta "babu matsala" ne, amma a bakin kanta "a'a, na gode" take nufi. Da na tuna yadda muke amfani da "ba komai", wani lokaci yarda wani lokaci a bar shi, sai ta zauna mini. Idan ina so, onegaishimasu zan ce.

Kanji, haruffan da suka aro daga Sin, ba ya cikin shirina na bana, waɗanda gwamnati ta tsara don amfanin yau da kullum ma 2,136 ne, amma akwai waɗanda Musulmi ba zai jira ba. 豚 alade ne, 肉 nama, 酒 giya. Sai みりん, wani ruwan girki mai giya a ciki, da ゼラチン jelatin, da ラード kitsen alade, da ポーク naman alade, waɗanda aka rubuta da wani rubutun mai suna katakana saboda kalmomin aro ne. Wannan ya tilasta mini fara katakana yanzu, shi ma 46 ne. Na rubuta su duka a kati ɗaya na sa a jakar kuɗi. Na kuma tambayi wani ma'aikaci, butaniku wa haitte imasu ka, akwai naman alade a ciki? Ya juya kwalin, ya karanta, ya ce haitte imasen. Na jira har ƙarshe, na ji sen ɗin da kunnena.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Siffar aikatau mai ƙarewa da te. Ita ce ta kayar da ni ranar dankali, kuma da ita ake roƙo, da ita ake jera aiki bayan aiki, da ita ake cewa ana cikin yin abu, kamar tabete imasu, ina cikin ci. Rukuni na biyu ba matsala, a cire ru a sa te. Na farko ne mai rassa: masu ƙarewa da u, tsu, ru su koma tte, mu, bu, nu su koma nde, ku ya koma ite, gu ya koma ide, su ya koma shite. Iku, tafi, ya fita daga layi ya zama itte. Na ɗora su a kan karin da muke biya karatu da shi a makarantar allo, ina wanke-wanke ina rerawa, kuma sun fi shiga ta haka.

Sensei ta gwada ni da kite, kitte, kiite: zo, yanka, saurara. Ta faɗa a hargitse sau goma, na ci tara. Faɗa da bakina cikin jimla kuwa har yanzu sai na tsaya na lissafa.

Juma'a, 6 ga Disamba

Mako guda ban buɗe littafi ba. Sanyi ya shigo, rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, mura ta kama ni, kewar gida kuma ta taso mini. Katuna sun taru. シ da ツ, ソ da ン, duk sun sake cakuɗe mini. Gobe zan je aji ko da ban shirya ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Kalmomin Japananci biyu, ni da de. Dukansu "a" ne a Hausa, amma uchi ni imasu, ina a gida, uchi de tabemasu, a gida nake ci. Wurin zama ni, wurin aiki de. Haka "akwai" ɗinmu guda ɗaya su sun raba shi biyu, imasu na mutum da dabba, arimasu na sauran abubuwa.

Talata, 10 ga Disamba

Ƙarfe ɗaya saura waya ta yi ƙara, lambar makaranta. Da a watan jiya ne da na bar ta ta katse in kira Abbanta. Na ɗauka. Malama ta fara da sauri, na ce sumimasen, yukkuri onegaishimasu. Ta sassauta, ta rarraba mini: netsu ga arimasu, akwai zazzaɓi, sanjuu hachi do, digiri 38, omukae onegaishimasu, a zo a ɗauke ta. Na ce wakarimashita, ima ikimasu, na gane, ga ni nan zuwa. Hannuna na rawa na ɗaure mayafi na hau keke.

A asibitin yara Abbanta ya same mu, shi ya cike takardu, amma da likita ya ce itsu kara desu ka, tun yaushe, ni na amsa, kyou no hiru kara desu, tun da ranar yau. Magani a wurinsu sha ake yi kamar mu, kusuri o nomimasu, ko da ƙwaya ce. Da za mu fita ma'aikaciyar ta ce odaiji ni, abin da ake ce wa marar lafiya, kusa da namu "Allah ya ƙara sauƙi". Mura ce, Alhamdulillahi, ba wani abu ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

Ta warware, yau ta koma makaranta. Bayan asuba na zauna da renrakuchou. Na fara a wata takarda daban, na gyara sau uku, sannan na kwafa da fensir, duka da hiragana:

Kayoubi ni byouin e ikimashita. Kusuri o nomimashita. Kinou kara netsu wa arimasen. Kesa asagohan o tabemashita. Yoroshiku onegaishimasu.

Ranar Talata mun je asibiti, ta sha magani, tun jiya babu zazzaɓi, da safen nan ta karya, na bar miki amanarta. Layi biyar, minti arba'in. Sai da na rufe jaka na tuna wa ɗin nan da harafin は ake rubuta shi ba わ ba, kamar yadda e na "zuwa" yake へ, o kuma を. Na buɗe na goge na gyara.

Da yamma na buɗe littafin tun a bakin ƙofar makaranta. Malama ta amsa a ƙasan nawa, ba kanji ko ɗaya, ta bar fili tsakanin kalmomi don in iya bi. Na karanta da kaina a tsaye: ta cinye abincinta duka, ta yi wasa a waje da ƙawayenta, tana cikin ƙoshin lafiya. Kalma ɗaya ce ta gagare ni, sai a gida na duba, sunaba, wurin wasan yashi.

Abin da na kashe zuwa yau: kayan rubutu yen 330, aji zama bakwai 700, ƙarin katuna da littafi na biyu 220, takalmin roba 1,500 idan an lissafa shi a ciki. Daga nan zuwa ƙarshen Janairu ina so in kammala katakana, in fara siffar nai ta korewa da siffar aikatau ta ƙamus, don iyayen yara a bakin ƙofa ba da wutsiyar masu suke hira da juna ba, shi ya sa ba na tsintar komai a zancensu. Zan riƙa rubutu a renrakuchou sau biyu a mako ko da ba abin da ya faru. Jarrabawar ƙwarewa a Japananci, JLPT, ana yin ta Lahadin farko na Yuli da na Disamba, matakin farko shi ne N5, kuma sensei ta ce in sa ido a kan ta 6 ga Yuli 2025. Gobe zan kai mata layi biyar ɗin ta duba.